Reshen da Ya Sauka a Ranuna

Da hantsi aka kawo abin, ranar wata Talata cikin watan Rajab na shekarar 1405. Ƙaltume na tsakar gida tana ɓare gyaɗa, sai wani direban motar dabino daga Khaibar ya yi sallama a ƙofa, ya miƙo wani gwangwani dogo kamar taɓarya, bakinsa a toshe. Ya ce wani Bature ne ya ba shi, ya ce a kai Madina, unguwar Ranuna, a nemi Ƙaltume mai gyaɗa ta bakin masallacin Ƙuba. Ya ce jibi zai biyo ko da amsa. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Bature! Ƙaltume ta ƙura wa gwangwanin ido. A duk faɗin duniyar nan Bature ɗaya ne tak ya rage wanda zai san sunanta, shi ma ɗin ba ta da tabbacin yana tuna shi.

Shekara ashirin da biyu ke nan da wani mutumin Irlanda, wani tsibiri can bayan ƙasar Ingila, ya musulunta, ya ɗauki suna Abdussamad, ya zo karatu Jami'ar Musulunci shi da matarsa. Ɗakin da ke jikin katangar su Ƙaltume suka kama haya. Dogo ne, gemunsa ja kamar ya sha lalle, Larabcinsa kuwa sai ka kasa kunne sosai. Matar ta rasu wurin haihuwa, ta bar jariri. Kwana uku yaron nan yana tsala ihu, madarar gwangwani ta ƙi zama a cikinsa. A lokacin Ƙaltume ta yi arba'in da haihuwar autanta Sabiru. Daren farko ta daure, na biyu ta daure, ran na uku da safe ta ce wa mijinta, Allah ya ji ƙansa, wallahi ba za ta iya ba. Ta zura mayafi, ta tsaya a ƙofar Abdussamad, ta ce, "Malam, miƙo shi nan."

Shi ke nan. Aka raɗa wa yaro suna Lurwanu. Ta shayar da shi shekara biyu cur, ta yaye shi da kunun gyaɗa, ta goya shi har zanenta ya ƙoƙe. Hausa ya fara furtawa kafin komai. Yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ubansa, kwana tara aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ba a yi wata uku ba sai ga mutum biyu daga Jidda da takardu masu hatimi, wai kakan yaron ya aiko a kai masa jikansa. Su suna da takarda, ita ba ta da ita, don nono ba a buga masa hatimi. Ta yi masa wanka, ta sa masa sabuwar riga, ta miƙa shi.

Tun daga ranar, shekara goma sha takwas, ko ƙyas ba ta ƙara ji ba. Duk ranar da ta shiga Harami, bayan ta yi wa Manzo sallama, abu biyu take roƙon Allah ya sanar da ita: shin yaron nan yana raye, kuma shin ya san da ita?

To ga amsa ta zo har gida, amma ta kasa taɓa ta. Ƙaltume ta daɗe a Madina, ta ga alhazai da yawa sun rasu an tattara jakarsu an aika gida. A saninta, in kaya suka zo daga nesa ba mai su, kayan mamaci ne. Ta jingina gwangwanin da bango, ta koma kan gyaɗarta, tana zuba ɓawo a kwano tana watsar da ƙwaya ba ta sani ba.

Bayan azahar Sabiru ya dawo. Sabiru dai haihuwar Madina ne, yana jin Hausa tsaf amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, abin da ke ƙona wa uwarsa rai kullum. A wani shago kusa da Harami yake aikin rubutun hannu, yana rubuta allunan shaguna, yana kuma zana wa manyan gidaje shajara, wato bishiyar nasaba. Da ya ji daga inda abin ya fito sai ya taɓe baki, ya ce da Larabci, "Yanzu ya tuna? Ya sha nono ya goge baki ya tafi."

"Buɗe dai," in ji Ƙaltume. "Ni hannuna ba zai iya ba."

Ya cire murfin, ya zaro wani naɗi mai nauyi, ya fara warwarewa. Ya warware, ya warware, abu ya ƙi ƙarewa. Sai da suka shimfiɗa tabarma uku a jere, daga ƙofar ɗaki har bakin famfo, suka danne gefuna da kofunan shayi. Gefe guda fata ce, ta tsufa ta yi launin ƙasa, an ɗinke ta da wata fatar, ita ma an ɗinke ta da takarda mai kauri, haka har ɗaya gefen inda takardar take fara sol. Ko'ina sunaye ne da rubutun Turawa, ɗaruruwa, layuka sun haɗa wannan da wancan. Ga zanen garkuwoyi masu launi, ga barewa, ga jirgin ruwa, ga wani hannu riƙe da takobi.

Idon Sabiru ya canza. Mai sana'a ya ga sana'arsa. Ya durƙusa, ya ce a hankali, "Shajara ce, ya ummi. Masha Allah! Wallahi ban taɓa ganin mai tsawonta ba."

Nan fa aka yi kuskuren. Duk shajarar da Sabiru ya taɓa zanawa, daga ƙasa ake fara ta. Kakan farko shi ne saiwa, a gindi ake rubuta shi, 'ya'ya su hau kututture, jikoki su bazu a rassa, jarirai su zama ganyen ƙoli. Haka ya koya, haka maigidansa ya koya, haka kowa yake yi tun daga Makka har Sham. Saboda haka bai yi wata-wata ba ya rarrafa zuwa ƙasan takardar don ya ga wane ne tushen wannan gagarumin gida. Turanci dai ba ya ji, amma ya san baƙaƙensu, tun da yana rubuta su a allunan shaguna. Ya ɗora yatsa a kan sunan da ke can ƙasa, shi kaɗai, ba komai a ƙarƙashinsa. Ya haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ya sake haɗawa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, Larabcin ya gudu ya bar shi.

"Inna!" ya ce da Hausa tsantsa. "Inna, ke ce! Ga sunanki, ga Madina. Ke ce saiwar!"

"Saiwar me?"

"Saiwar su duka! Duk mutanen nan daga kanki suka tashi!"

Kafin ka ce kwabo matan maƙwabta sun cika gidan, 'yan Kano, 'yan Damagaram, da waɗanda Hausarsu ta sha ruwan Sudan. Kowa na salati. Wata ta ce dama ita ta daɗe tana ganin alamar sarauta a tafiyar Ƙaltume. Wata ta ce ƙila Turawan Irlanda asalinsu Hausawa ne sanyi ya koɗar da su. Kai, mutane! Ba wadda ta tsaya ta tambayi yadda mace mai shekara hamsin da takwas za ta haifi mutanen da fatar da aka rubuta su a kai ta girmi kakanta.

Ita Ƙaltume baya ta tuno. Tana 'yar shekara takwas ubanta ya baro wani ƙauye a ƙasar Damagaram da ita, a ƙafa, yunwa a baya, Makka a gaba. Ya rasu a Sudan, ta ƙaraso da ayari. Sunan ubanta ta sani, Ɗanlami. Kakanta kuwa laƙabinsa kawai ta riƙe. Daga nan duhu ne. Yau ga ta a gindin runduna guda, masu takuba da jiragen ruwa. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Ni da ban san kakan ubana ba? Sabiru, je ka kira mini Malam Shu'aibu kafin kaina ya juye."

Malam Shu'aibu Bazazzagi ne, yana koyarwa a Jami'a, ya yi boko a gida kafin ya zo Madina, don haka duk takardar Turanci da ta shigo unguwar gare shi ake kai ta. Bayan la'asar ya iso. Ya cire takalmi, ya gyara tabarau, ya zagaya takardar sau ɗaya. Da Sabiru ya nuna masa saiwar, sai Malam ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Sabiru! Ai su ba bishiya suke dasawa ba, guga suke zurawa. Kakan farko yana can sama, zuriya tana gangarowa. Hajiya ba ita ce ta farko ba, ita ce ta ƙarshe."

Sabiru ya sunkuyar da kai. Ƙaltume ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdulillahi. Dama kayan sun fi ƙarfin wuyana."

Malam ya nuna wata 'yar alama mai kamar gicciye da ke jikin kusan kowane suna. Ya ce wannan shaidar rasuwa ce, duk wanda aka yi wa ita ya riga mu gidan gaskiya. Yana faɗin haka Ƙaltume ta ga Sabiru ya juya ido zuwa ƙasan takardar. Ta yi wuf ta ɗauki faifan da take fifita gyaɗa da shi, ta kife a kan sunayen ƙarshe, ta ɗora hannu.

"Kada wanda ya duba," ta ce. "Malam ya gangaro da kansa."

Ai kuwa ta haɗu da daidai ita, don Malam Shu'aibu mutum ne da in ya fara littafi daga bango, ko gobara ake yi sai ya kai ɗaya bangon. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, inda fatar ta fi tsufa, ya yi bisimilla.

"Wannan gida sunansa Otarran, wato jikokin Tarran, kamar yadda Larabawa ke cewa Banu wane. Ga Tarran ɗin nan, shi kaɗai a sama. An rubuta cewa sarki ne a wani kwari mai tafki, sama da shekara dubu da suka wuce."

"Dubu?" in ji wata daga cikin matan.

"Dubu. Bari in ƙirga." Ya bi layin tsakiya da yatsa, leɓensa na motsi. "Kaka talatin da huɗu, ba tsallake ko ɗaya."

Ƙaltume ta rufe baki da gefen mayafi. Kaka talatin da huɗu! Ashe yaron da ta riƙa dungure wa kai in ya ci ƙasa, duk wannan jama'a ce a bayansa.

Malam ya gangaro. A kaka na tara gidan ya rabu biyu, wa da ƙane, Konal da Fergal. Konal ya riƙe gidan dutsen da ke bakin tafki, zuriyarsa ake kira Reshen Tafki, su ne manya. Fergal ya yi fushi ya hau tudu ya gina nasa, suka zama Reshen Tudu. Shekara ɗari biyu suna sace wa juna shanu, sa'an nan suka gaji suka fara auratayya. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce wallahi kamar a garinsu.

Sabiru ya matso, kunyar ɗazu ta sake shi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mata. A shajarar da yake zanawa ba a sa mace, ko uwa ko 'ya. Nan kuwa ga su reras, kowane namiji da matarsa a gefe da sunan gidan ubanta. Malam ya karanto wata Nuwala wadda mijinta ya mutu a yaƙi, ta rufe ƙofar gidan dutsen ta tsare shi wata bakwai har abokan gaba suka janye. Sabiru ya ce, "Ajib," wato abin mamaki.

Can tsakiya wani reshe ya fita gefe, aka zana masa jirgin ruwa. Malam ya ce an ci su da yaƙi, aka ƙwace ƙasarsu, sai wasu suka shiga jirgi suka tafi Andalus, suka zama hafsoshin wani sarki, har sunayensu suka rikiɗe. Wani reshen ya yi Faransa, ya yi kaka huɗu ya ƙare a kan wata tsohuwa da ba ta yi aure ba. Reshen Tudu kuwa talauci ya bi su, daga sarauta suka koma noman dankali. Malam ya tsaya a wani layi, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Nan mutum goma sha ɗaya ne a jere, uba da uwa da 'ya'ya tara. Duk alamar rasuwa, duk shekara ɗaya. An rubuta a gefe, shekarar da dankali ya ruɓe."

"Yunwa," in ji Ƙaltume.

"Yunwa, Hajiya. Biyu da suka tsira suka shiga jirgi zuwa Amurka. Daga nan layin ya tsaya, an rubuta ba a san labarinsu ba."

Hawaye ya zubo mata. Ba ta taɓa zaton Bature na jin yunwa ba, balle ta kore shi daga gida kamar yadda ta kori ubanta. Ta ce, "Allahu akbar. Ashe duniyar guda ce."

Duk wannan karatu hannunta na kan faifan. Rana ta sauka daga katanga. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce Malam ya yi sauri, sau biyu tsoro ya rufe mata shi.

Sai Sabiru ya lura da wani abu. Ya ce yawancin layukan a miƙe suke, amma can sama akwai wasu da aka yi da ɗigo-ɗigo, suna fita gefe zuwa sunayen da ba na gidan ba. Malam ya koma ya duba, ya karanta ƙananan rubutun da ke wurin, ya jinjina kai.

"Wannan riƙo ne. A zamanin da, in aka haifa wa babban gida ɗa, ba a rainonsa a gida. Sai a kai shi wani gidan, a shayar da shi, a raine shi, sai ya zama saurayi ya dawo. Layin jini a miƙe, layin riƙo da ɗigo. Ga wani nan, Donal, an ce 'yan'uwansa na riƙo su uku suka tare masa mashi a wurin yaƙi, duk suka mutu shi ya tsira."

"Ashe su ma sun san riƙo," in ji Ƙaltume. Muryarta ta yi ƙasa.

"Sun sani, amma sun bari. Ga na ƙarshe nan, ya kai shekara ɗari uku. Daga nan ba sauran ɗigo."

Ya ci gaba da gangarowa ta Reshen Tafki. Reshen ya yi ta sirancewa, ɗa ɗaya, ɗa ɗaya, har Malam ya iso bakin faifan ya tsaya. Ya dubi Ƙaltume. Ta ce, "Bismillahi, tawakkaltu alallahi," ta ɗauke faifan da hannunta.

Malam ya sunkuya. "Ga Kahal, an rubuta a gefe Abdussamad, ya rasu a Madina. An taɓa kankare sunan nan da wuƙa, dubi yadda takardar ta yi sirara, aka sake rubuta shi. Ga matarsa, ita ma da alama. Ga ɗansu guda, Lorkan, wanda aka haifa a Madina aka sa masa Lurwanu."

"Malam," ta ce. "Malam, don Allah."

Ya kai fuskarsa dab da takardar, ya ɗaga gefenta ga haske, ya duba hagu ya duba dama.

"Babu, Hajiya. Ba alama. Yana raye."

Ƙaltume ta kifa goshinta a kan tabarma nan inda take, ta yi sujada, kafaɗunta na rawa. Matan suka ɗauki kabbara. Da ta ɗago, Malam ya ce ta duba da idonta. Daga sunan Lurwanu wani layi ya fito, da shuɗin tawada sabo, ɗigo bayan ɗigo, ya gangaro ya tsaya a kan sunanta. Malam ya karanta abin da ke ƙarƙashi: Ƙaltume ta Madina, wadda ta shayar da shi, ta raine shi.

Ta sa yatsa ta bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Ita da ba ta taɓa karanta ko harafi na boko ba, wannan kam ta karanta shi. Shekara ɗari uku sarakuna sun bar al'ada, yaronta ya tono ta saboda mai gyaɗa.

A kusurwa an zana ɗan hannu yana nuni da baya. Malam ya juya takardar, sai ga wasiƙa, ya shiga fassarawa a hankali. Lurwanu ya ce kakansa ya kankare sunan ubansa ranar da ya ji ya musulunta, bai mayar ba sai da ya ga ba shi da wani magaji. Ya raine shi bai taɓa ambata masa Madina ba. Bara kakan ya mutu, sai Lurwanu ya tarar da littafin da ubansa ke rubutu a ciki, ya ga sunan Ƙaltume a kusan kowane shafi, da na ɗan'uwansa Sabiru. Ya ce yanzu shi kaɗai ya rage a Reshen Tafki. Ya karanci aikin ruwa, ya nemi aikin haƙa rijiyoyi a gonakin dabino na Khaibar don ya kusanto ta.

Malam ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya. Ƙaltume ta ce ya faɗa ko mene ne.

"Ya ce a addinin kakansa aka raine shi. Sau uku yana zuwa har inda allon nan yake a hanya, wanda ya hana wanda ba Musulmi ba shiga Madina, yana tsayawa ya hango fitilun gari ya juya. Ya ce wannan takarda ita ce abu mafi daraja da ya mallaka, ba ta taɓa fita daga gidansu ba. In kin yarda shi ɗanki ne, ki mayar masa da ita da hannunki. In ba ki yarda ba, ki ba direba, ba zai ga laifinki ba."

Maganar ta soke ta, ba ƙarya. Yaron da aka yi wa kiran salla a kunne a cikin wannan unguwa, yaron da ta koya wa bisimilla kafin ya kai loma baki! Ta yi kuka na biyu, wannan mai ɗaci. Wata daga cikin matan ta ce a hankali, "To, ai kuma ya zama ba namu ba."

Ƙaltume ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Shiriya ta Allah ce, Hajiya, ba a hannuna take ba, ba a hannunki ba. Amma nono nawa ne. Sabiru, naɗe takardar nan, kuma ka wanke hannu tukuna."

Ran Alhamis bayan sun karya kumallo direban dabino ya biyo, ya zo karɓar gwangwani sai ya tarar da fasinja biyu. Ƙaltume ta zauna a gaba cikin baƙar abaya da niƙabi, gwangwanin a cinyarta ta rungume shi da hannu biyu. Sabiru na gefenta. Suka wuce Uhudu, suka miƙi hanyar arewa, baƙaƙen duwatsu hagu da dama har iyakar gani. Ita ba ta ga komai ba, lissafi take yi ko zai gane ta, ko ita za ta gane shi.

Rana ta take tsaka suka gangara kwarin Khaibar, ga tsohuwar ganuwa a kan dutse, ga dabino ya cika ƙasa. Direban ya tsaya a bakin wata gona inda injin ruwa ke ta ƙugi. Ma'aikata biyar ko shida suna tsaye a bakin rijiya. Ɗaya ya fi su duka tsawo, gashinsa ja, yana riƙe da wani ƙarfe. Da ya ga motar sai ƙarfen ya suɓuce masa.

Ya taho, ya tsaya nesa kaɗan, kamar wanda aka koya wa yadda ake tsayawa gaban matan ƙasar. Ya dubi gwangwanin, ya dubi baƙin ƙyallen da ya rufe fuskarta. Ya yi sallama da wani gurgun Larabci, sa'an nan kalmomin suka ƙare masa. Ubansa sak, har tsayuwar.

Ƙaltume ta miƙa wa Sabiru gwangwanin ba tare da ta dube shi ba. Ta kai hannu bayan kanta ta kwance niƙabin, ta yaye shi, ta tsaya da fuskarta a buɗe cikin rana. Ma'aikatan suka juya baya da sauri. Sabiru ya zabura.

"Ya ummi, fuskarki!"

"Yi mini shiru," ta ce. "A gaban wa zan rufe? Kai ka sha na dama, shi ya sha na hagu."

Lurwanu bai ji abin da ta ce ba, amma ya san ma'anar abin da ta yi. Ƙaton mutumin nan ya zube a gwiwa cikin caɓin rijiya, ya fashe da kuka. Ta kama kansa da hannu biyu ta ɗago, ta duba goshin, ta duba kunnuwan, ta ga yadda rana ta ƙone masa wuya har fata na salewa. Hawaye na bin kumatunta ta shiga yi masa faɗa da Hausa.

"Dubi wuyanka! Kai ba ka san jikinka ba ya son rana ba? Duk mutanen nan ba wanda ya ce ka sa hula?"

Sabiru ya daɗe a tsaye da gwangwanin a hammata. Sa'an nan ya cire ƙyallen da ke kansa, ya matso, ya yafa wa ɗan'uwansa.